Sharhi kan hidimar wani kamfanin Umara a Kano: biza ta fito lafiya, bayani ne ya yi ƙaranci

Yawancin masu neman kamfanin da zai kai su Umara tambaya biyu suke fara yi, wato nawa ne kuɗin, kuma tafiyar minti nawa ce daga masauki zuwa Harami. Tambayoyi ne masu kyau, amma a ganina akwai wadda ta kamata ta riga su: wace irin biza kamfanin zai nemo wa mutum, kuma shin zai zaunar da shi ya faɗa masa sharuɗɗan da ke tattare da ita? Da wannan ma'auni na auna wani kamfani da ke Kano wanda ya shirya mana tafiya a farkon kakar Umara ta shekarar 1447 bayan Hijira, ni da mahaifiyata da ƙanwarta da wani ɗan yayana matashi. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin abin da na gani a wurinsa, mai kyau da maras kyau, shi ne halin da yawa daga cikin kamfanonin da ake ɗauka a matsayin nagari. Kamfanin ya iya aikin takardu, kuma bai yaudare mu a kan komai ba, sai dai ya yi rowar bayani, alhali a harkar biza rashin sani yana iya jefa mutum cikin halin da kuɗi ba sa fitar da shi cikin sauƙi.

Ya kamata a fara sanin dalilin da ya sa ɗan Najeriya yake dogara da ejan har haka. A watan Satumba na 2019 Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido da ake nema ta intanet ga 'yan ƙasashe 49, daga baya kuma ta ƙara wasu, amma Najeriya da Nijar ba sa cikinsu. Babbar ƙofar da ta rage wa mai fasfo ɗinmu a wannan tsari ita ce ya kasance yana riƙe da bizar Amurka ko ta Birtaniya ko ta Shengen, wato ta rukunin ƙasashen Turai, wadda ba ta ƙare ba, kuma ya riga ya shiga ƙasar da ita. Mutum nawa ne a cikin masu niyyar Umara daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi suke da irin wannan? Saboda haka talaka da mai matsakaicin hali hanyarsu ɗaya ce, su miƙa fasfo da kuɗi ga kamfani, shi kuma ya nema musu ta hannun abokin hulɗarsa na Saudiyya mai lasisin hidimar Umara. Amana ce babba, domin mai tafiya ba ya ganin abin da aka rubuta da sunansa sai biza ta fito.

Abu na farko da na duba shi ne lasisi. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, ita ce ke ba kamfanoni masu zaman kansu izinin jigilar Hajji da Umara, kamar yadda hukumar COHO take kula da harkar a Jamhuriyar Nijar. Takardar lasisin tana rataye a bangon ofishin, kuma da na nemi in ɗauki hotonta domin in gwada sunan da wanda ke jerin hukumar, babu wanda ya ɓata rai. Na ɗauki wannan a matsayin alama mai kyau, domin duk kamfanin da ya fara kame-kame idan an tambaye shi lasisi, ko ya ce a tura kuɗi asusun wani mutum maimakon asusun kamfani, ya riga ya faɗa wa mai hankali abin da zai biyo baya. Mu a asusun kamfani muka biya, aka ba mu rasit mai tambari.

Wurin da suka fi burge ni shi ne teburin karɓar fasfo. Wani matashin ma'aikaci ne ke zaune a wurin, da kwamfuta a gabansa da tarin fasfo ɗaure da roba, kowane iyali da nasa ƙunshin. Da ya buɗe na ƙanwar mahaifiyata, sai ya sa yatsa a kan ranar ƙarewa, ya ƙirga watanni a bakinsa, sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, wannan fasfon naki ya kusa. Saudiyya suna son ya kasance da sauran aƙalla wata shida, kuma idan aka ɗaga tafiyar ko da kaɗan ne, za ki faɗa ƙasa da haka. Gara ki sabunta tun yanzu hankalinki ya kwanta." Haka kuma ya bi sunayenmu harafi bayan harafi kafin a yanki tikiti, ya tambaye ni ko Muhammad ɗin da ke fasfo ɗina da "u" yake ko da "o", kuma wanne ne sunan mahaifi a cikin ukun. Wanda bai san harkar ba zai ga kamar tsanani ne, amma mu da muke rubuta suna ɗaya ta hanya uku ko huɗu, wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe, wani ya sa na kakansa, mun fi kowa buƙatar irin wannan ma'aikaci. Saɓanin harafi ɗaya tsakanin fasfo da tikiti ya isa ya tsayar da mutum a filin jirgi yana kallo 'yan uwansa su wuce.

A kan rigakafi ma ba su yi sassauci ba, kuma na yaba musu. Saudiyya tana buƙatar shaidar allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu, wadda aka yi aƙalla kwana 10 kafin isa ƙasar, da shaidar allurar cutar shawara ga masu zuwa daga ƙasashe irin namu, da kuma ɗigon shan inna. Allurar shawara sau ɗaya ake yinta, domin tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da takardarta ta tsawon rai, amma ta sanƙarau tana da wa'adi, don haka wanda ya yi tasa shekarun baya sai ya duba ko tana nan da ƙarfinta. Kamfanin ya tura mu ofishin lafiya na gwamnati da ke ba da katin nan mai ruwan ɗorawa, kuma manajan ya faɗa a gabana cewa ba ya karɓar katin da aka saya ba tare da an yi allurar ba. Wannan magana ta yi mini daɗi ƙwarai, domin manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da annobar sanƙarau ta yi ɓarna a Arewa har Saudiyya ta hana alhazan Najeriya zuwa aikin Hajji. Wanda ya sayi katin bogi kansa ya fara cuta, sannan ya cuci tsohuwar da za ta tsaya kusa da shi a sahu.

Yanzu sai babbar magana, wato nau'in biza. A 'yan shekarun nan Saudiyya ta sassauta, ta ce mai riƙe da kowace irin biza, ta ziyarar dangi ce ko ta yawon buɗe ido ko ta yada zango, yana iya yin Umara. Wasu ejan-ejan sun mayar da wannan sassauci hanyar cin kasuwa. Idan bizar Umara ta yi tsada ko ta yi wuyar fita, sai su cika wa mutum takardar neman wata biza da bayanan da ba nasa ba, su ce ɗan kasuwa ne da wani kamfani ya gayyata, ko su ce yana da bizar Turai alhali bai taɓa ganinta ba, shi kuma mai tafiya yana murna ya samu da araha. Abin da ya faru a watan Nuwamba na 2023 ya isa darasi. Jirgin Air Peace ya tashi daga Legas ya biyo ta Kano ya sauka a Jidda da fasinjoji 264, aka soke bizarsu a filin jirgi, daga baya aka bar 87 suka shiga, aka dawo da 177 gida. Ofishin jakadancin Saudiyya a Abuja ya bayyana cewa waɗanda aka mayar sun ba da bayanan da ba daidai ba domin samun nau'in bizar da bai shafe su ba. Ina da yaƙinin cewa a cikinsu akwai bayin Allah da ba su san abin da aka rubuta da sunansu ba, amma jami'in shige da fice mai fasfo yake gani a gabansa, ba ya ganin ejan.

A nan kamfanin da muka bi ya fita kunya. Tun ranar farko na tambayi manajan kai tsaye, na ce, "Alhaji, bizar Umara ce za ku yi mana, ko wata ce daban?" Ya ce ta Umara ce, kuma idan ta fito in duba da idona. Da ta fito an turo mana ita ta WhatsApp, sannan aka buga mana a takarda. Takarda ce guda ɗaya mai hoton mutum da lambar biza da lambar fasfo, an rubuta nau'inta da Larabci da Turanci, da sunan kamfanin Saudiyya da ya ɗauki nauyinmu. Na shiga shafin biza na Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya, na sa lambar fasfo, bayanan suka fito daidai da abin da ke takardar. Ina ba duk mai tafiya shawarar ya yi wannan dubawa ko ya sa ɗansa ya yi masa, domin takardar da aka buga a shagon kwamfuta kowa yana iya ƙirƙirar irinta, amma abin da ke rumbun ma'aikatar shi ne jami'in filin jirgi zai gani.

Akwai sharuɗɗa biyu da kamfanin ya gindaya mana waɗanda da farko suka yi wa iyalina nauyi, kuma dukansu suna da tushe, sai dai ba a bayyana mana tushen ba sai da na matsa. Na farko, sun ƙi yi mana biza kaɗai mu nemi masauki da kanmu, alhali muna da dangi a Makka da suka yi tayin saukar da mu. Dalili shi ne tun daga 10 ga Yuni 2025 Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta daina ba da bizar Umara sai an shigar da yarjejeniyar masauki mai lasisi a dandalin Nusuk Masar. Wato zamanin sayen biza tsurarta, mutum ya sauka a Jidda ya nufi gidan ɗan uwa, ya wuce ga mai bizar Umara, kuma wannan yana cikin abin da ya ɗaga farashi. Na biyu, sun nemi a kawo wanda zai tsaya wa ɗan yayana, ya sa hannu cewa zai dawo. Yaron ya ji zafin abin, ya ga kamar ana zarginsa da niyyar zaman takari. Gaskiyar maganar ita ce kamfanin Saudiyya da ya ɗauki nauyin mai Umara shi ake kamawa idan mutumin ya ɓace, kuma a 2025 hukumomin ƙasar sun sanar da tarar da ta kai riyal 100,000 a kan kamfanin da ya yi jinkirin kai rahoton wanda ya wuce wa'adinsa. Shi kuma kamfanin can sai ya juyo kan abokin hulɗarsa na nan. Da an yi wa yaron wannan bayani cikin mutunci tun farko, da bai kwana da ɓacin rai ba, kuma bayanin ba zai ci minti biyar ba.

Batun muharrami bai taso mana ba tunda muna tare da iyayen namu, amma na ji wata baiwar Allah tana tambaya a ofishin, aka amsa mata daidai: a watan Oktoba na 2022 ministan Hajji da Umara, Tawfiq Al-Rabiah, ya sanar cewa mace tana iya zuwa ba tare da muharrami ba. Ma'aikacin ya ƙara da cewa wannan hukuncin biza ne, hukuncin shari'a kuwa ta tambayi malaminta. Na ga ya kyauta da ya raba abubuwan biyu.

Inda kamfanin ya gaza, kuma gazawar da na fi ɗauka da girma, shi ne wa'adi. An miƙa wa kowa bizarsa da tikitinsa da jakar kamfani, aka yi addu'a, aka watse, ba tare da an ce uffan a kan ranakun da ke jikin takardar ba. Bizar Umara tana da wa'adi iri biyu da mutane suke rikitawa. Akwai wa'adin shiga, wato lokacin da dole mutum ya isa Saudiyya bayan fitowar biza, wanda kafafen labaran ƙasar suka ruwaito a watan Oktoba na 2025 cewa an rage shi daga wata uku zuwa wata ɗaya. Akwai kuma wa'adin zama, wanda aka ƙara daga kwana 30 zuwa kwana 90 a 2022. A kan waɗannan biyu akwai na uku da ya fi su ƙarfi, wato ranar rufe kakar Umara kafin Hajji. A 2025, ranar 13 ga Afrilu ce ta ƙarshe ta shigar masu Umara, kuma 29 ga Afrilu, wadda ta yi daidai da 1 ga Zulƙida 1446, ita ce ranar da dole kowa ya fita, ko da kwanakinsa 90 ba su cika ba. Wanda ya wuce wa'adi yana fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000 da ɗaurin da ya kai wata shida, sannan a bi da shi ta gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, a mayar da shi gida. Mu da muka je a farkon kaka wannan bai matse mu ba, amma kamfanin nan shi ne zai kwashi mutane a goman ƙarshe na azumi, lokacin da ranar rufewa take gab da su, kuma a cikinsu akwai masu tunanin su ɗan ƙara kwanaki wajen dangi bayan Sallah.

Har yanzu akwai masu raɗa wa tsofaffi cewa su je Umarar azumi su laɓe har lokacin Arfa, su sami Hajji a sauƙaƙe. Duk kamfanin da ya san ciwon mutanensa wajibi ne ya kashe wannan magana tun a ofis, da babbar murya. Babu bizar da ke halatta aikin Hajji sai bizar Hajji. A 2025 tarar wanda aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, tare da kora da hana shiga ƙasar na shekara 10, wanda ya taimaka masa kuma tasa ta kai riyal 100,000. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne rai. A Hajjin 2024, da zafi ya tsananta, mutum 1,301 suka rasu, kuma ministan lafiya na Saudiyya ya ce kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya a rana ba tanti ba motar da za ta ɗauke su. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma ofishin ejan shi ne wuri na ƙarshe da kunnen mai tafiya zai ji wannan kafin ya hau jirgi.

Haka kuma babu wanda ya faɗa mana cewa a cikin kuɗin bizar Umara akwai inshorar lafiya da ke ɗaukar nauyin jinyar gaggawa. Mai tafiya da dattijai biyu yana buƙatar sanin wannan tun daga gida, domin tsoron kuɗin asibiti yana sa mutanenmu su ɓoye ciwo a ɗakin otal suna shan abin da suka zo da shi, alhali an riga an biya musu haƙƙin ganin likita.

Manhajar Nusuk ma an bar mu da ita mu san yadda za mu yi. Ita ce ta gaji manhajar Eatmarna da aka fito da ita a 2020 lokacin annobar korona, kuma ta cikinta ake neman izinin shiga Rauda a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mutum yana yin rajista da lambar fasfo da ta biza, ya zaɓi rana da sa'a, maza da lokacinsu mata da nasu, sai a ba shi wata alama a waya da masu tsaro za su duba a bakin shinge. Tsarin ya rage turereniyar da aka sani a da, kuma wanda ya iya waya ba zai sha wahala ba. Amma mahaifiyata ba ta karatun boko, wayarta ma ta kira ce kawai, kuma irinta su ne rabin ayarin da muka tafi da shi. Ni da ɗan yayana muka yi wa namu, sannan muka zauna a harabar masauki a Madina muna yi wa wasu dattijai da ba su da mai taimaka musu. Wata tsohuwa daga ayarin ta miƙo mini fasfo ɗinta a cikin leda, ta ce, "Ɗan nan, don Allah ka duba mini, ni dai Rauda nake so in shiga ko sau ɗaya ne." An dace ta samu gurbi. Da a ce kamfanin ya ware ma'aikaci ɗaya ya yi wa kowa rajista tun biza na fitowa, lokacin da gurabe suke da yawa, da babu wanda zai dogara da sa'ar haɗuwa da mai waya.

A kan kaya sun yi gargaɗi, amma a gurguje, a cikin saƙon murya da aka tura zauren WhatsApp na ayari daren tafiya. Abin da aka faɗa daidai ne: kada a ɗauki goro, domin hukumomin Saudiyya ba sa barin shiga da shi, duk mai shan magani ya riƙe takardar likita, ya bar maganin a kwalinsa, kuma kada kowa ya karɓi saƙon wani, ko da ɗan unguwarsu ne. Wannan na ƙarshe ya cancanci a tara mutane a faɗa musu ido da ido. Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi, kuma mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka kama a Madina a ƙarshen 2018 ba, wadda aka liƙa sunanta a jikin jakar da ba tata ba tun daga filin jirgi, ta yi watanni a tsare kafin bincike ya wanke ta a sake ta a watan Afrilu na 2019. Ma'aikacin kamfanin da ya raka mu filin jirgin Malam Aminu Kano ya tsaya har aka auna jakunkunanmu, ya ce kowa ya ƙirga 'yan takardun kayan da aka liƙa masa ya tabbatar sun yi daidai da yawan jakunkunansa. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, kuma ina fata su mayar da ita ƙa'ida.

Shigarmu ƙasar ta zo da sauƙi, kuma a nan ne amfanin tsabtar takardu ya bayyana. Jami'in ya karɓi fasfon mahaifiyata, ya ɗora a na'ura, ya nuna mata kyamara ta kalla, sannan ya ce ta ɗora yatsu a kan gilashin. Yatsun tsofaffi sukan yi wuyar kamawa, ga kuma lalle, don haka sai da ya ba ta abin goge hannu ta sake ɗorawa kafin fitilar ta yi kore. Bai tambaye ta komai ba bayan haka, ya buga tambari ya miƙo mata. Wakilin kamfanin Saudiyya yana jiranmu a waje da allo, mota kuma ta zo a kan lokaci. Masaukan Madina da Makka sun yi daidai da abin da aka faɗa mana, masu tsabta ne, ba na alfarma ba, kuma na Makka sai an hau motar otal zuwa Harami. Tsakanin biranen biyu mota aka tanadar, muka ɗauki harami a Zul Hulaifa. Wanda ya fi son jirgin ƙasa na Haramain, da aka buɗe a 2018, sai ya ƙara kuɗi daga aljihunsa.

Saura maganar kuɗi. Farashinsu yana tsaka-tsaki idan aka gwada da na sauran kamfanonin da na zagaya, kuma ba su ƙara mana ko kwabo ba bayan mun biya, duk da yadda canjin dala yake hawa da sauka. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne dunƙule kuɗin da aka yi wuri ɗaya. Rasit ɗin bai nuna nawa ne na biza, nawa ne na tikiti, nawa ne na masauki, nawa ne ladan kamfani ba, kuma babu inda aka rubuta abin da za a mayar wa mutum idan biza ta ƙi fita ko ta fito bayan jirgi ya tashi. Da na tambaya, manajan ya ce, "In sha Allahu ba za a kai ga haka ba, Alhaji, kuma in an kai za mu duba." Na yarda da niyyarsa, amma addininmu da kansa ya umarce mu da rubuta mu'amala, kuma kowa ya san yadda biza take ƙaranci da tsada idan azumi ya raba tsakiya, lokacin da ake samun masu tikiti a hannu suna zaman jiran bizar da ba ta fito ba. A irin wannan rana rubutacciyar yarjejeniya ce take raba gardama tsakanin mutanen kirki biyu.

Ga wanda ya saba da waya da harkar tafiya, hanyoyin da ba sa buƙatar ejan suna ƙaruwa. A farkon 2023 an fito da bizar yada zango ta awa 96 da ake samu tare da tikitin Saudia ko Flynas ga mai wucewa zuwa wata ƙasa, kuma a watan Agusta na 2025 Ma'aikatar Hajji da Umara ta ƙaddamar da hidimar Nusuk Umrah domin masu son neman biza da masauki kai tsaye. Duka biyun suna buƙatar katin banki da ke biya da kuɗin waje da kuma mutumin da zai iya karanta sharuɗɗa da kansa ya ɗauki alhakin abin da ya cika. Mai tafiya da iyaye ko da ayarin mata daga ƙauye har yanzu kamfani ne gatansa, kuma irin wannan da muka bi zan iya tura ɗan uwana wurinsa a watannin da ba na cunkoso ba, matuƙar a cikin tafiyar akwai mai karatu da zai bi ranakun biza ya kuma riƙe manhajar Nusuk. Idan kuwa Umarar azumi ce, ba zan ba su kuɗin kowa ba sai sun rubuta nau'in bizar da za su nema, da ranar da dole a bar Saudiyya, da abin da za su mayar idan biza ba ta fito ba, manaja ya sa hannu a ƙasa.